Jinin da ya janye da kansa, da jinin da bai jira ba



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, daga majalisar bayan La'asar a nan Tamanhint har rumfunan masu shayi a Sabha. Duk wanda ya bugu a ka, aka ce ya je asibiti, sai ka ji wani ya ce: “Ai Baba ma jini ya taru masa a cikin kai, ba a yi masa aiki ba, ga shi nan garau.” Maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai an yanke mata kai da ƙafa an bar gangar jiki tana yawo, kuma wannan guntuwar magana ta riga ta ci mana rai guda. Ni nake riƙe wa Baba littafin jama'a, ni nake rubuta masa wasiƙu da takardun sulhu, kuma ina tare da shi tun ranar da ya bugu har ranar da likita ya sallame mu. Na nemi izininsa kafin in ɗauki alƙalami. Ya ce, “Malam, rubuta duka, har da inda na yi taurin kai.”

Lokacin tsinkar dabino ne. Mun je wata gona a bayan gari domin a raba gardama tsakanin mai gonar da leburorinsa a kan kuɗin aiki. An gama, an yi Fatiha, muna shirin tafiya. Baba ya sunkuya zai ɗauko sandarsa daga bayan mota, a daidai lokacin da wani yaro da ke loda kwandunan dabino ya sauko da murfin, bai gan shi ba. Ƙarfen ya same shi a gefen hagu na kai, hularsa ta faɗi ƙasa. Babu jini, babu tsaga, sai ɗan kumburi kamar ƙwan tantabara. Yaron ya durƙusa jikinsa na rawa. Baba ya karkaɗe hularsa ya yi dariya, ya ce, “Tashi, ɗana. Kan da ya ɗauki rigimar Hausawa shekara talatin, ba murfin mota ne zai fasa shi ba.” Muka koma gida, ya yi Magariba a sahu, ya ci tuwonsa. Kwana uku kumburin ya sace, mu kuma muka manta.

Sai bayan kamar mako biyar na fara ganin abin da ban gane ba. Baba da haruffan Larabci yake sa hannu, kuma harafin ƙarshe na sunansa yana da jela wadda yake ja sama da ƙarfi, ko a cikin duhu na san ta. Sai jelar ta fara faɗowa ƙasan layi. Na karanta masa wasiƙa, ya gyaɗa kai, bayan ɗan lokaci ya ce in karanta masa wasiƙar da aka kawo. Wata rana ya kira wani magidanci da sunan mahaifinsa wanda muka binne shekaru da suka wuce. In yana tahowa masallaci, ina jin takalminsa na dama yana jan ƙasa. Carbi ya riƙa suɓuce masa. Hajiya ta ce kullum da safe yana riƙe kai, kuma shayi yana zube masa a riga, abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu.

Kowa ya kawo fassararsa. Wasu suka ce tsufa ne, mutumin da ya haura saba'in me ake jira. Wasu suka ce hawan jini. Akwai waɗanda suka rage murya suka ce sammu ne, suka ma ambaci shari'ar da wai aka yi masa saboda ita. Wani dattijo ya ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, a fitar da mataccen jini.

A nan zan faɗi laifina. Ni na fi kowa ganin alamun, kuma ni na fi kowa ɓoye su. In ya manta magana a majalisa, sai in yi wuf in ƙarasa masa kamar umarninsa nake maimaitawa. In barci ya ɗauke shi ana tsakiyar ƙara, sai in ce Baba ya kwana yana lazimi, a dawo gobe. A zatona rufa wa babba asiri nake yi, ina tsoron a ce ya ruɗe, girmansa ya zube a idon waɗanda yake yi wa hukunci. Mako biyu cur na yi ina wannan, jini kuwa yana can yana taruwa.

Wata jikarsa ce, mai aikin jinya a bakin teku, ta warware mana. Ta kira a gaisa, ta ji maganar kakanta tana nauyi, ta ce a ba ni wayar. Tambaya biyu ta yi mini. Ta ce, “Kawu, ya taɓa faɗuwa ko ya bugu a ka cikin watannin nan?” Na buɗe baki zan ce a'a, sai hular nan da ta faɗi a gona ta dawo mini. Ta ce, “Yana shan asfirin?” Na ce kullum, ƙaramar ƙwayar da aka rubuta masa saboda zuciya. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “Don Allah kada rana ta faɗi gobe ba a ɗauki hoton kansa ba.”

Baba ya ƙi. Ya ce shi ba ya zuwa a saka shi cikin injin kamar buhun gero a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na yi magana, 'ya'yansa suka yi, ya ce mu tashi mu ba shi wuri. Hajiya ce ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce, “Alhaji, mutum nawa ka tilasta wa zuwa asibiti a garin nan? In ka ƙi, gobe da wane baki za ka tura wani?” Bai amsa ba. Da asuba ya ce a kawo mota.

Tsakaninmu da Sabha kusan kilomita 30 ne, amma ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Aka kwantar da shi a na'urar da ake kira siti-sikan, wadda ke ɗaukar hoton cikin kai yanki-yanki kamar ana yanka albasa. Na'ura ce da aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, kuma wanda ya ƙera ta, Godfrey Hounsfield, ya sami kyautar Nobel a 1979. Kafin zuwanta, irin ciwon Baba sau da yawa sai dai a yi hasashe. Minti kaɗan aka gama. Likitan ya kira mu ya nuna mana allo, ya sa bakin biro a gefen hagu. Tsakanin farin ƙashi da ƙwaƙwalwa akwai wani abu mai ruwan toka, siriri, a lanƙwashe kamar jinjirin wata na daren biyu. Ya ce, “Wannan jini ne, kuma ba na yau ba ne.”

Ga bayanin da ya yi mana, yadda na rubuta shi a ranar. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, na wajen shi ne mai kauri, yana shimfiɗe a jikin ƙashi kamar fata a cikin ganga. Daga saman ƙwaƙwalwa akwai ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini waɗanda suke ƙetarawa zuwa wannan tantani mai kauri. In mutum ya manyanta, ƙwaƙwalwarsa takan ɗan ja baya, sarari ya ƙaru, jijiyoyin nan su miƙe kamar igiyar shanya da aka ja da ƙarfi. Sai bugu kaɗan, wanda yaro zai shafa kai ya wuce, ya tsinka ɗaya. Da yake jinin da ke cikinsu ba shi da ƙarfin tunkuɗa, ba ya ɓarkewa, tsatsafowa yake a hankali, mako bayan mako, har ya fara danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa alamun suke makara, har a manta da bugun. Asfirin da sauran magungunan tsinka jini suna ƙara buɗe masa hanya. Kuma da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, jinin hagu ne ya kayar da jelar sa hannun Baba, shi ya sa takalmin dama jan ƙasa.

Ya auna a gabanmu. Kaurin jinin milimita 9, kuma ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa da milimita 3. Ya ce ma'aunin da likitoci suka saba dubawa shi ne kaurin da ya wuce milimita 10, ko turin da ya wuce milimita 5, ko kuma majiyyaci yana ƙara lalacewa. In ɗaya daga cikinsu ya samu, aiki ake yi. Baba yana bakin iyaka, amma yana sane, yana tafiya da ƙafarsa, yana ba da amsa daidai in an ba shi lokaci. Likitan ya tura hotunan ta waya ga wani abokin aikinsa mai fiɗar ƙwaƙwalwa, suka yi shawara, sannan ya dawo ya ce, “Ya Hajj, za mu iya jira, amma da sharaɗi. A dakatar da asfirin, bayan mun ji ta bakin likitan zuciyarka. Ciwon kai, farasitamol kawai. Ba tuƙi, ba hawa, ba tafiya kai kaɗai. A riƙa duba ka dare da rana, kuma ka dawo a sake hoto ko da ka ji ka warke.”

A daren aka yi zaman gida mai zafi. Babban ɗansa ya ce a tafi Tarabulus da safe, in ta kama a wuce Tunisiya, kamar yadda masu hali suke yi. Ba wanda ya ga laifinsa. Amma duk wanda ke zaune a ɗakin ya san abin da tafiyar take nufi: fiye da kilomita 700 ta Birak da Shuwairif da Mizda, da bawwaba bayan bawwaba, da tsoho mai jini a ka yana jijjiga a mota. Kuma tun da aka fito da raƙam waɗani a 2013, mun san da yawa daga cikinmu, har da waɗanda aka haifi iyayensu a Fezzan, ba kowane shinge suke wucewa da sauƙi ba. Na ji tsoron kada wahalar hanya da ƙarancin kuɗi su zama su ne suke yanke mana shawara, mu kuma mu sa musu sunan haƙuri. Don haka washegari na koma wurin likitan ni kaɗai, na ce masa ya gaya mini tsakaninsa da Allah, ko tausayin aljihunmu ne ya sa ya ce a jira. Ya ce, “Ya Ustaz, da na ga dole ne, da na ce ku tafi jiya ko da bashi. Jira na zaɓa saboda abin da hoto ya nuna. In hoton ya canza, maganata za ta canza.”

Da wannan muka tsaya. Amma mun yi shirin tafiya kamar gobe za a tafi. Jama'a suka yi karo-karo, kuɗin yana hannuna a ƙulle, sunan kowa a rubuce. Wani direba ya cika tankinsa ya ajiye jarkoki biyu, kun san yadda mai yake wuya a kudu, ya yi alkawarin ba zai yi nisa da gari ba.

Akwai wata wuta kuma da ta so ta tashi. Da aka ji asalin ciwon, wasu daga cikin samarin gidan suka fara neman yaron nan na gona, ana maganar diyya, ana maganar abin da ya fi diyya muni. Liman ya tara su a zaure. Ya tuna musu abin da duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani: malaman fiƙihu sun jera raunukan kai daki-daki, wanda ya bayyana ƙashi raƙuma biyar, wanda ya gusar da ƙashi goma sha biyar, wanda ya kai ga tantanin ƙwaƙwalwa sulusin diyya. Ya ce waɗannan duka raunuka ne da ido ke gani, na Baba kuwa ko fata bai tsaga ba. Sannan ya kawo ƙa'idar da ta kashe wutar, cewa a mazhabarmu ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Baba, da muryarsa mai nauyi, ya ce shi ya yafe tun a gona, kuma a kawo masa yaron. Da ya zo, sai ya sa shi cikin masu kwana a ƙofar ɗakinsa. Ban taɓa ganin mai gadi irinsa ba, ko tari Baba ya yi sai ya miƙe.

Ni kuma na buɗe sabon shafi a bayan littafin jama'a, na ja layuka. Sau uku a yini, bayan Asuba da bayan Azahar da bayan Isha'i, nakan tambaye shi ranar da muke ciki da sunan wanda ke gabansa. Ya miƙe hannuwa biyu a gaba ya rufe ido, in duba ko na dama yana sauka. Ya matse mini yatsu da kowane hannu. Ya taka daga gado zuwa ƙofa. Sannan ya sa hannu a gefen shafin. Da dare, masu kwana su tashe shi sau ɗaya su ji ya amsa da hankalinsa. Ya sha yi mini faɗa, ya ce na mayar da shi ɗan makarantar allo. Nakan ce, “Ranka ya daɗe, kai ka koya mini cewa abin da ba a rubuta ba gardama ne.”

Maganar ƙaho ta sake tasowa, kuma ba na raina masu ita, domin ƙaho yana da asali a sunna, ni ma ana yi mini. Amma Baba da kansa ya amsa musu. Ya ce ya ga hoton da idonsa, jinin yana bayan ƙashi, ƙaho kuwa iyakarsa fata, yaya za a ɗebe ruwan da ke cikin tulu ta hanyar tsotsar bayansa? Addu'a kuwa ba a fasa ba ko yini ɗaya. An sauke Alƙur'ani, an yi sadaka, ya sha rubutu, ya yi sallarsa a zaune lokacin da jiri yake damunsa.

A mako na biyu muka sha tsoro. Wajen ƙarfe ɗaya na dare yaron ya buga mini ƙofa, ya ce Baba ya yi amai. Ba mu tsaya shawara ba. Cikin minti goma muna kan hanyar Sabha cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ina riƙe da kansa a kafaɗata. Aka sake hoto, jinin bai ƙaru ba, ashe cikinsa ne ya ɓaci. Wani ya ce mun yi asarar kuɗi da mai. Likitan da ke aikin dare ya ce, “Gara ku zo sau goma a banza da ku makara sau ɗaya.”

Daga mako na uku shafin ya fara canzawa. Hannun dama ya daina sauka. Ciwon kan safe ya ragu. Hoton da aka ɗauka a lokacin ya nuna jinjirin watan ya yi duhu, ya koma milimita 7. Likitan ya ce sabon jini fari yake fitowa a hoto, in ya kwana biyu ya koma toka, in ya narke ya zama ruwa sai ya yi baƙi. Na tambaye shi ina jinin yake tafiya, tunda babu ƙofa. Ya ce jiki yakan yi wa gudan jinin wata 'yar jaka, a jikinta kuma sababbin jijiyoyi ƙanana suke tsirowa. Ta nan ake tsotse abin da ya narke, wasu ƙwayoyin jini masu aikin shara suna cinye ragowar, ƙwaƙwalwa kuma tana komawa mazauninta a hankali. Amma waɗannan sababbin jijiyoyi ba su da ƙwari, su ma sukan yi yoyo. Saboda haka tsere ake yi tsakanin yoyo da tsotsa. In tsotsa ta yi rinjaye, jinin ya ƙare. In yoyo ya yi rinjaye, jakar ta ci gaba da kumbura har ta kayar da mutum. Ba mai iya sanin wanda ke gaba daga kallon fuska, sai an auna.

Bayan wata biyu saura milimita 4. Bayan wata uku da 'yan kwanaki likitan ya juya mana allon, ya ce mu nemo jinin da kanmu. Ba mu gan shi ba. A ranar Baba ya sa hannu a takardar asibiti, jelar nan ta tashi sama kamar da. Na juya na fita waje don kada a ga idona.

Kafin mu tafi likitan ya riƙe hannun Baba ya ce, “Ya Hajj, ka gode wa Allah, domin ba kowa ke samun haka ba. Da yawa daga cikin masu alamu irin naka sai an huda.” Ya ce kuma a daina jin tsoron hudar, ƙaramin rami ne ake yi a ƙashi, tsohon jinin ya fito kamar baƙin mai, sau da yawa mutum ya farfaɗo cikin kwanaki. Masu son ƙwallo za su tuna an yi wa Maradona aikin cire irin wannan jini a Ajantina a watan Nuwamba na 2020. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekara ta 1013, ya yi bayanin karayar ƙoƙon kai a littafinsa at-Tasrif, har ya zana mahuji mai ɗan baki a gefe wanda ke hana shi nitsewa ya wuce kaurin ƙashi.

Da nan labarin ya ƙare, da ban dame ku da rubutu ba. Watanni kaɗan bayan an yi walimar samun sauƙin Baba, wani matashi ɗan ƙasar Damagaram, mai aiki a gonakin nan, ya faɗo daga bayan a-kori-kura da hantsi, gefen kansa ya bugi dutse, daidai tsakanin ido da kunne. Ya suma na ɗan lokaci, aka yayyafa masa ruwa, ya tashi. Ya wanke fuska, ya sha shayi, har ya yi wa direban ba'a. Wani daga cikin abokansa ya ce a kai shi Sabha. Shi ba shi da takarda, kuɗin da ya tara kuma na aurensa ne. Sai wani ya kawo maganar nan, ai Baba ma jini ya taru masa ya warke da kansa. Da yamma kansa ya matsa masa, ya yi amai sau biyu, ya ce zai ɗan kwanta. Abokan ɗakinsa sun ji yana minshari mai ƙarfi cikin dare, suka ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Da Asuba aka tashe shi bai tashi ba. Ya cika a mota kafin a shiga Sabha. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likitan da ya duba shi ya ce dukkan alamu sun nuna wani jini ne daban da na Baba. Ƙashin wannan gefe na kai siriri ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai jijiya mai harbawa, mai kawo jini daga zuciya da ƙarfi. In ta tsage, abin da ya ɗauki jinin Baba makonni, ita cikin awoyi take yin sa. Mugun halinta shi ne takan bar mutum ya farfaɗo, ya yi magana, ya yi dariya, kowa ya saki jiki, alhali lokacin nan shi ne kaɗai damar da ake da ita. Ya ce irin wannan, in an kai da wuri aka yi aiki, yawanci ana tsira.

Ni na kira mahaifinsa. Shekaru ina isar da irin wannan saƙo, amma ban taɓa jin nauyin harshe kamar ranar ba. Da na gaya wa Baba abin da aka faɗa a ɗakin yaron, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, “Ashe da sunana aka hana shi zuwa.” Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma mun kuma san labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Baba hoto biyar aka yi masa, likita biyu suka duba, mutum shida suka yi ta kwana a ƙofarsa, mota cike da mai tana jira. Wanda ya ce maka Baba ya warke ba tare da asibiti ba, ka tambaye shi ko yana nan daren da muka fita ƙarfe ɗaya.

Ga abin da Baba ya umarce ni in sanar, kuma an karanta shi a masallaci. Duk wanda ya bugu a ka ya suma, ko na ƙiftawar ido ne, a kai shi asibiti a ranar. Haka wanda ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kansa yake ƙaruwa, ko barci yake rinjayarsa, ko ya ruɗe, ko maganarsa ta karye, ko wani ɓari na jikinsa ya yi sanyi, ko ya yi jijjiga, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko jini ko ruwa ya fito masa ta kunne ko hanci. Wanda ya bugu bai nuna komai ba, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren farko, kuma kada a ba shi asfirin. Tsoho kuwa, ko mai shan maganin tsinka jini, a kai shi a duba ko da bugun kaɗan ne, kuma in halinsa ya sauya bayan mako uku ko wata biyu, a tuna da bugun kafin a ce tsufa ne ko sammu. Masu hidimar manya irina, kada kunya ta sa mu rufe abin da ya kamata a gani.

Kuɗin karo-karon da aka tara domin tafiyar Baba ba a taɓa su ba. Ya nemi yardar waɗanda suka bayar, suka amince, an mayar da su asusun hoton kai. Duk wanda ya bugu, ɗan gari ne ko baƙon da ya sauka jiya, mai takarda ko marar ita, a zo a buga mini ƙofa ko ƙarfe nawa ne, kun san gidan. Direbobi uku sun ba da sunayensu, kuma za a sami wanda zai raka ya yi magana a bawwaba. An riga an kai mutum biyu, dukansu hotonsu ya fito lafiya, kuma ba mu ɗauki wannan a matsayin asara ba.

Allah Ya jiƙan wannan matashi, Ya ba iyayensa haƙuri. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya saka wa likitoci da masu jinya da alheri. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman 'yan'uwanmu da ke kwana a gonaki.

Wassalamu alaikum.